Sarakunan dā da labaran gumakan Girka: imani ne ko siyasa?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum, iyaye da malamai na wannan zaure. Ni ɗalibin tarihi ne a nan Legas, kuma idan babu karatu nakan taya kawuna zama a rumfarsa ta albasa a kasuwar Mile 12. A makon jiya wata mata Bayarabiya ta dawo da buhun da ta saya, ta zazzage shi a gaban jama'a domin a ga ruɓaɓɓun da ke ƙasa, murya ta fara tashi har 'yan dako suka tsaya kallo. Sai wani dattijo Bagobiri da ke rumfar kusa da mu ya taso, ya nuna tsagen fuskarsa, ya ce mata ba a yi wa taubashi tsawa a bainar jama'a, tun da kakanta da kakansa gida ɗaya suka fito. Matar ta yi dariya, ta mayar masa da baƙar magana, aka zauna, aka rage mata kuɗi, ta tafi.

Abin da ya sa wannan ya tsaya mini a rai shi ne, a makon ne nake karanta abin da marubucin tarihin Girka Herodotus ya kawo game da sarkin Farisa Zaksis, wanda ya kai wa ƙasar Girka yaƙi a shekara ta 480 kafin Miladiyya. An ce kafin ya taso ya aika manzo zuwa birnin Argos da saƙon cewa Farisawa jikokin Farsis ne, shi kuwa Farsis ɗan Farsiyus ne, gwarzon mutanen Argos, saboda haka bai kamata jika ya ɗaga wa kaka takobi ba, su ma bai kamata su taimaki wasu a kansa ba. Mutanen Argos kuwa ba su shiga yaƙin ba.

Tambayata kashi biyu ce. Shin waɗannan sarakuna sun gaskata labaran da suke kafa hujja da su, ko kuwa sun san tatsuniya ce suna yaudarar talakawa? Sannan shin irin wannan magana ta taɓa sa wani gari ya sauya shawara, ko dai ado ne kawai da ake sa wa abin da aka riga aka yanke?

Malamin Idi-Araba:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi tambaya mai kyau, kuma labarin Argos ɗin da ka kawo shi ne ya fi dacewa a fara da shi, domin Herodotus da kansa ya bar mana ɗayan dalilin a shafin da ke kusa. Kimanin shekara 14 kafin zuwan Zaksis, sarkin Siparta Kiliyominis ya yi wa Argos mummunar ɓarna, inda aka ce an kashe musu mazaje 6,000. Da aka zo neman su shiga ƙawancen yaƙi da Farisa, wanda Siparta ke jagoranta, sai suka gindaya sharaɗin sulhu na shekara 30 da kuma rabon jagoranci, abin da suka san da wuya a ba su. Garin da ya rasa mazajensa, kuma aka ce ya bi bayan wanda ya kashe su, ba ya buƙatar wani Farsiyus kafin ya noƙe. Amfanin labarin shi ne ya ba su abin faɗi wanda ba zai zama abin kunya ba a gaban sauran Girkawa, domin cewa "muna jin tsoro" ko "muna ƙin Siparta" ya bambanta da cewa "ba ma yaƙar danginmu".

Game da ko sun gaskata, ina ganin sai mun fara gyara yadda muke kallon kalmar tatsuniya. A wurinmu tatsuniya abu ne da ake buɗewa da "ga ta nan, ga ta nanku", kowa ya san ba a yi ba. Bagirken wancan zamani kuwa yana ɗaukar jarumai irin su Herakulis da Akilis da yaƙin da Girkawa suka kai wa birnin Turoya a matsayin tsohon tarihi, mutane ne da suka rayu, aka san kaburburan wasunsu, aka san gidajen da ke jingina kansu gare su. Yana iya shakkar cewa wani ya yaƙi maciji mai kawuna tara, amma bai cika shakkar cewa mutumin ya wanzu ba. Saboda haka idan sarki ya ce shi jikan Herakulis ne, magana ce irin ta salsala, wadda ake iya karɓa, ake iya musantawa, har a kafa alƙalai a kanta.

An kuwa kafa. Mutanen kudancin Girka suna yi wa Makidoniyawa kallon baƙi 'yan ƙauye. Da wani sarkin Makidoniya na farkon ƙarni na 5 kafin Miladiyya, Iskandar na Ɗaya, ya zo shiga tsere a wasannin Olimfiya, waɗanda Girkawa kaɗai ake bari su shiga, abokan takara suka ce ba ya cikinsu. Herodotus ya ce ya kawo hujjar cewa gidansu daga Argos ya fito, alƙalan wasa suka karɓa. Wannan salsala ta Argos, wadda ke kaiwa ga Herakulis, ita ce jarin da gidan ya yi ta juyawa har tsawon ƙarni biyu. A shekara ta 346 wani dattijon marubuci na Atina, Isokiratis, ya rubuta wa sarki Filibus na Makidoniya wasiƙa yana kwaɗaitar da shi ya haɗa kan Girkawa ya fuskanci Farisa, kuma babbar hujjarsa ita ce kakanka Herakulis ma ya taɓa ƙetarawa ya ci Turoya.

Ɗan Filibus, wato Iskandar Mai Girma, shi ne ya kai abin ƙarshe. Ta wajen uba yana da Herakulis, ta wajen uwarsa Olimfiyas kuma yana da Akilis. Da ya ƙetara zuwa Asiya a shekara ta 334, kafin ya gwabza da kowa sai da ya ratse zuwa Turoya ya yi hadaya, ya girmama kabarin da ake cewa na Akilis ne, domin duk sojan da ke tare da shi ya fahimci cewa wannan yaƙi ci gaban wancan ne. Kuɗin azurfar da ya buga suna ɗauke da kan Herakulis sanye da fatar zaki a gaba, da Zeyus, babban gunkin Girkawa, zaune kan karaga a baya. Ka tuna babu rediyo, babu jarida, saboda haka kuɗin da ke shiga hannun soja da ɗan kasuwa daga Masar har bakin Indiya shi ne hoton da kowa ke gani.

Abin da ya faru a Taya a shekara ta 332 ne ya fi nuna mini yadda abin ke aiki. Birnin yana kan tsibiri, kusa da gaɓar Lebanon ta yanzu, kuma suna da wani gunki mai suna Melkart wanda Girkawa ke cewa shi ne Herakulis. Iskandar ya aika cewa yana so ya shiga ya yi wa kakansa hadaya. Mutanen Taya sun gane cewa duk sarkin da ya shiga da rundunarsa ya yi hadaya a babban ɗakin gunkinsu ya zama ubangidansu, sai suka ba shi amsa cikin ladabi cewa akwai wani tsohon ɗakin Melkart a kan tudu, ya je can ya yi. Kowane ɓangare ya san abin da ake nufi, amma babu wanda ya ambaci mulki. Daga nan aka yi wata bakwai ana kewaye da birnin, ya cike teku ya yi hanya, ya ci garin, sannan ya yi hadayarsa.

Ba kowa ne ke haɗiye irin wannan ba tare da taunawa ba. Herodotus ya ba da labarin Fisistiratus, wanda aka kora daga mulkin Atina a ƙarni na 6, ya samo wata doguwar mata mai suna Fuye, ya sa mata sulke da kwalkwali, ya ɗora ta kan keken doki, masu shela suna gaba suna cewa allahiya Atina ce da kanta ta dawo da shi. Marubucin ya kira wannan dabara wauta, yana mamakin yadda ta ci a garin da ake yi wa kirari da wayo. Haka kuma bayan Iskandar ya je wurin bokayen Amon a zangon Siwa na Masar a shekara ta 331 aka fara kiransa ɗan Zeyus, marubuci Fulutak ya kawo ruwayar cewa uwarsa takan ce ya daina haɗa ta faɗa da Hera, matar Zeyus. Idan uwar da ta haife shi tana iya yin raha da maganar, ka san akwai masu murmushi a fada.

Hajiyar Obalende:

Malam, Allah ya ƙara basira. Zan ɗauki kashi na biyu na tambayar yaron nan, domin akwai wani rubutu a kan dutse da ya ba da amsar har da adadin kuɗi, kuma tun ranar da na karanta shi ban manta ba.

A shekara ta 206 zuwa 205 kafin Miladiyya, jakadu daga wani ƙaramin gari mai suna Kitiniyon, a yankin Doris na tsakiyar Girka, suka ƙetare teku zuwa Zantos, a kudu maso yammacin Turkiyya ta yau. Girgizar ƙasa ta rushe musu ganuwa, daga baya kuma sarki Antigonus na Makidoniya ya zo ya ƙona gidaje, suna yawon neman gudunmawar sake gini. Da suka tsaya gaban majalisar Zantos, sai suka fara warware zumunci tun daga sama. Suka ce allahiyarku Lito ita ce ta haifi gunki Afolo a ƙasarku, shi kuma Afolo ya haifi gunki Askilifiyus da wata mata mai suna Koronis, jikar kakanmu Doros, kuma a ƙasarmu aka haife shi. Suka ƙara da wasu salsaloli na jarumai, sannan suka ɗora da abin da nake ganin shi ne gishirin maganar, wato sarki Batalimus na Masar, wanda Zantos ke ƙarƙashinsa a lokacin, shi ma jinin Herakulis ne, don haka taimakonmu zai faranta masa rai.

Mutanen Zantos ba su musa ko ɗaya daga cikin wannan ba. Sun karɓi zumuncin, sun nuna alhini, sun yi bayani dalla-dalla cewa baitulmalinsu ya ƙare, bashi ya yi musu yawa, kuma ba za su iya ɗora wa jama'a sabon haraji ba. Daga ƙarshe suka ce a ranto darakma 500 a ba baƙin. Wannan kalma ta darakma ita ce asalin dirhamin da muka sani a littattafan fiƙihu. A Atina ta ƙarshen ƙarni na 5, darakma ɗaya ladan yini guda ne na magini, ka ga ke nan abin da aka ba su bai wuce ladan mutum ɗaya na shekara ɗaya da 'yan watanni ba, alhali ganuwar gari ake magana. Amma sai suka sa aka sassaƙa dukan jawabin a kan dutse aka kafa a harabar ɗakin Lito, inda masu tonon tarihi suka same shi.

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin masallaci ko na ƙungiyar 'yan gari a nan Legas ya san wannan yanayi. Baƙo ya zo da takardar neman taimako, ya fara da cewa kakarsa 'yar garinku ce, ba za a ce masa ƙarya yake yi ba, ba za a sallame shi hannu rabbana ba, amma abin da za a sa a ambulan ya danganta da abin da ke cikin asusu. Zumuncin ya sa an buɗe masa ƙofa, an ba shi wurin zama, an saurare shi har ƙarshe, kuma a duniyar da garuruwa ɗaruruwa ke zaman kansu ba tare da wata majalisar ɗinkin duniya ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda abin ya zo da jini kuwa, ba ya ɗaukar nauyi. A shekara ta 416 Atina ta kewaye tsibirin Milos, wanda mutanensa suka fito daga Siparta. Marubucin tarihi Tusididis ya ce sun dogara da cewa 'yan uwansu za su kawo musu ɗauki ko don kunya. Jakadun Atina suka gaya musu cewa Sipartawa ba sa motsawa sai inda suka ga amfaninsu. Ba wanda ya zo, aka kashe mazan, aka sayar da mata da yara.

Bagobirin Alaba Rago:

Hajiya, a gafarce ni, ina da ɗan ƙorafi a kan yadda aka fara zancen. Ni Bagobiri ne, kuma wasan da ke tsakaninmu da Yarabawa gaskiya ne, har Samuel Johnson ya kawo shi ta wata fuska a tarihin Yarabawa da aka buga a 1921, inda ya ce Oduduwa da sarakunan Gogobiri da Kukawa duk zuriyar Lamurudu ne, ya kafa hujja da kamannin tsage. Amma dattijon da ya raba faɗan albasa bai nemi sarauta ba, bai nemi haraji ba, kuma bai ce kakansa abin bauta ne ba. Sarakunan da kuke magana a kansu sun jingina kansu ga gumaka domin a ji tsoronsu, wasunsu ma har sun nemi a yi musu sujada. A ganina kada a haɗa su a ma'auni ɗaya.

Sannan tun da an ambaci Iskandar, ina jan hankalin ɗalibai cewa ƙahonin rago da ake gani a kansa a kuɗin da Lisimakus, ɗaya daga cikin jagororin sojansa, ya buga bayan mutuwarsa alamar gunkin Amon ce. Wasu sun ɗauki wannan suka ce shi ne Zulƙarnaini na cikin Suratul Kahfi, amma malamai irin su Ibn Kasir sun rarrabe tsakanin mutanen biyu.

Malamin Idi-Araba:

Alhaji, ƙorafinka yana kan hanya, kuma na karɓi rabinsa. Akwai bambanci tsakanin labarin da ake fuskantar talakawa da shi domin a ɗaukaka mai mulki, da wanda gari ke fuskantar gari da shi domin a sami hanyar magana. Abin da yaron nan ya gani a kasuwa ya fi kama da na biyun. Sai dai a hannun manya su biyun sukan haɗu, kuma babu inda aka fi ganin haka kamar Roma, wadda ba ma Girkawa ba ce, amma ta ari labarinsu ta yi riga da shi.

Girkawa ne suka fara cewa Iniyas, ɗaya daga cikin jaruman Turoya da suka tsira, ya yi hijira zuwa yamma. Rumawa suka karɓa suka ce su ne zuriyarsa. Da farko wannan ya zama makami a hannun maƙiyinsu, domin a shekara ta 280 kafin Miladiyya, lokacin da sarki Firus na Ifirus ya ƙetara Italiya bisa gayyatar birnin Tarentum, marubuci Fausaniyas ya ce Firus ya ƙarfafa zuciyarsa da tunanin cewa shi jikan Akilis ne zai yaƙi 'yan gudun hijirar Turoya, har ya buga kuɗi da hoton Akilis. Bayan shekara 17 kacal, a 263, mutanen Sejesta a tsibirin Sisili suka juya wa Kartaj, abokiyar gabar Roma, baya suka koma wajen Roma, suna cewa su ma Iniyas ne ya kafa garinsu, daga baya kuma aka bar su cikin garuruwan da ba sa biyan haraji. Labari ɗaya ne, wani ya karanta shi a matsayin tsohuwar gaba, wani a matsayin zumunci, kowa ya ɗauki gefen da rundunar da ke kusa da shi ta sa ya ɗauka.

Garin Iliyon, wanda aka gina a kan kufan Turoya, ya daɗe yana cin wannan gajiya. A sulhun Afamiya na shekara ta 188 Rumawa suka ƙara masa ƙasa, kuma marubucin tarihin Roma Libi ya ce an yi haka ne saboda tunawa da asali fiye da wani aiki da suka yi.

Daga nan sai wani gida guda ya mayar da labarin ƙasa baki ɗaya nasa. A shekara ta 69, Yuliyas Kaisar yana matashin ɗan siyasa ya tsaya a jana'izar gwaggonsa Yuliya, ya ce ta wajen uwa ta fito daga sarakuna, ta wajen uba kuma daga allahiya Binus, domin gidan Yuliyawa suna jingina kansu ga Yulus ɗan Iniyas, shi kuma Iniyas ɗan Binus ne. Da ya sami ƙarfi ya buga kuɗi da hoton Iniyas ɗauke da tsohon ubansa a kafaɗa, ya kuma gina wa Binus ɗaki a tsakiyar Roma a shekara ta 46 da laƙabin uwa mahaifiya. Magajinsa Agustas ya samu mawaƙi Birjil, wanda ya rasu a shekara ta 19, ya tsara dukan tafiyar Iniyas a waƙa ta yadda mulkin gidan zai zama kamar abin da aka ƙaddara tun ranar da Turoya ta ƙone. Yaran makaranta sun yi ta haddace wannan waƙa ɗaruruwan shekaru, har an sami baitocinta a rubuce a bangon gidajen tsohon birnin Fomfei na Italiya.

A shekara ta 53 bayan Miladiyya, Niro yana saurayin da ake shiryawa domin gadon sarauta ya tsaya gaban majalisar dattawa ya yi jawabi a madadin mutanen Iliyon, ya jero Iniyas da asalin Rumawa, aka yafe wa garin duk wani haraji. Marubucin tarihi Tasitus, wanda ya kawo labarin, ya ce abubuwan da ya jero ba su da nisa da tatsuniya, amma bai ce wani dattijo ya tashi ya musa ba.

Ɗan Agege:

Na gode, Malam, na gode, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Baba Alhaji, na karɓi gyara, kuma zan raba kashi biyun nan a rubutun da zan miƙa, domin da na cakuɗa su. Ina roƙon Malam, idan an sami lokaci, a yi mana bayanin ƙasusuwan Tisiyus, gwarzon mutanen Atina, da kwamandan yaƙinsu Kimon ya ɗauko daga tsibirin Sikiros ya kai Atina wajen shekara ta 475, domin na ga kamar a can gawa ce aka yi siyasa da ita maimakon salsala.

Matar nan ta dawo jiya da safe, kuma rumfar dattijon ta nufa kai tsaye, suka yi ta zolayar juna a kan wane ne bawan wani. Ta zaɓi buhu uku, ta ce zai ba ta biyu bashi zuwa Juma'a tun da shi taubashinta ne. Ya ce mata ya yarda da taubasantakar, ya sa yaro ya ƙara mata 'yan ƙwarori a leda a matsayin gyara, sannan ya miƙo mata lambar asusunsa ta banki ya tsaya yana jiran saƙon shigar kuɗin buhu ukun.